Filin Tambaya da Amsa: Kofi Nawa Ne Kilo Ɗaya na Semo?

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan fitowa duk a kan awon semo suke, wato tsakin alkamar nan na kamfani da ake tuwo, alkaki, taliya da gato (kek) da shi. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani masu girki da yawa.

Wata uwargida daga unguwar Birni ta rubuto: "Assalamu alaikum. Na samu bayanin wani gato a intanet, an ce a sa semo giram 250. Ni ba ni da sikeli, kofi kawai gare ni. Kofi nawa zan sa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan kofinki mai cin mililita 250 ne, ki auna kofi 1 da rabi, sannan ki rage cokalin cin abinci 1 daga ciki. Idan kuma ɗan ƙaramin kofin gilashi ne mai cin mililita 200, ki sa kofi 1 da kashi 3 cikin 4.

Amma gara mu ba ki tushen lissafin, don gobe wani adadin za a ce miki. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cif. Lita 1 ta semo matsakaici kuwa nauyinta kusan giram 700 ne, domin tsakanin ƙwayoyinsa akwai iska. Saboda haka duk mazubin da kika san yawan ruwan da yake ci, ki ninka mililitarsa sau 7, ki raba gida 10, abin da ya fito shi ne giram ɗin semon da zai ɗauka. Kofi mai mililita 250 yana ɗaukar giram 175. Mai 240, wanda shi Amurkawa suke nufi in sun ce kofi, yana ɗaukar kusan giram 168. Mai 200 giram 140. Cokalin cin abinci na awo mililita 15 ne, wato giram 10 da ɗan ɗoriya, cokalin shayi kuma mililita 5, giram 3 da rabi. In giram aka ba ki kina neman mililita, sai ki juya lissafin: ki ninka sau 10, ki raba gida 7. Kilo 1 kenan ya kai lita 1 da kusan mililita 430, abin da ya yi daidai da kofi 6 na mililita 240.

Saura sanin girman kofin naki, kuma nan ne aikin yake, don kofunan da ke cikin gidajenmu babu biyu da suka zo daidai. Hanya ta farko ita ce ta ruwa. Ki samu kwalbar ruwan sha ta lita 1 da rabi, ki cika ta zuwa inda kamfani yake cikawa, ba har baki ba, ki riƙa tsiyayawa a kofin kina ƙirgawa. In ya ba ki kofi 6, kofinki na mililita 250 ne. In 5 ne, na 300 ne. In 7 da rabi ne, na 200 ne. Hanya ta biyu ita muka fi so, domin da semon kansa ake yin ta: ranar da kika buɗe sabuwar leda ta kilo 1, ki auna ta duka da kofinki cikin roba. In ta ba ki kofi 5, kowane kofi giram 200 ne. In 6 ne, giram 167. In 7, giram 143. In 8, giram 125. Ki rubuta adadin a jikin kofin ko a bangon madafa, ki keɓe wannan kofin don awo kaɗai. Aikin minti 5 ne, kuma sau ɗaya za ki yi shi.

Wata amarya daga Zango ta ce: "Kullum da kofi ɗaya nake auna semo, da shi nake auna ruwa, amma yau tuwona ya yi tauri, gobe ya yi ruwa. Ina matsalar take?"

Amarya, kofin bai canza ba, cikawar ce take canzawa. Wanda ya nutsa kofi cikin buhu ya kamfato, ya danne garin da bakin kofin. Wanda ya zuba da cokali a hankali, garin yana shiga a sake. In kuma aka bubbuga gindin kofin a ƙasa ko aka girgiza shi, semon yana zama, wuri ya samu, a ƙara wani. Tsakanin waɗannan hanyoyi ana iya samun bambancin giram 15 zuwa 25 a kofi guda. Tozo ya fi su ɓarna: kofi mai faɗin baki in aka cika shi da tozo yana iya ɗaukar ƙarin kashi 1 cikin 5. A kofi 3 kin ga an samu fiye da rabin kofi da ruwanki bai san da zamansa ba.

Duk alƙaluman da muke bayarwa a wannan fili na shafaffen awo ne. Ki motsa garin da cokali tukuna, ki zuba a kofi har ya ɗan wuce baki, ki bi da bayan wuƙa ki shafe. Kada ki danna, kada ki girgiza.

Game da tuwon kansa, kofi 1 na semo yana son ruwa kofi 2 zuwa 2 da ɗan ƙari. A nauyi, kilo 1 yana shan ruwa kamar lita 3. Ki dama kashi 1 cikin 4 na semon da ruwan sanyi daga cikin ruwan da kika auna, ki zuba a tafasasshen ruwa ki yi talge, ki bar shi ya dahu minti 5. Daga nan ki riƙa barbaɗa sauran kina tuƙawa da muciya, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki rufe ya turara minti 8 zuwa 10 a wuta ƙasa-ƙasa, ki sake tuƙawa kafin ki kwashe. Abu biyu suke ruɗar sababbin masu girki a nan. Na farko, in ruwa ya daɗe yana tafasa a buɗe kafin a zuba talge, wanda aka auna ba shi ne ya rage a tukunya ba. Na biyu, semo yana ƙara ƙarfi yayin da yake hucewa, don haka a sauke shi yana da ɗan laushi fiye da yadda ake son cinsa. Tuwon da ya yi daidai a kan wuta, a cikin kula zai sandare.

Wani malami mai sayar da kayan shayi a Sabon Gari ya tambaya: "Gwangwanin madara mai sukari an rubuta giram 397 a jikinsa. Ashe in na cika shi da semo ban samu kusan giram 400 ba?"

A'a, Malam, da ƙyar ka samu rabin haka da ɗan wani abu. Abin da aka rubuta nauyin madarar ne, ita kuwa madara mai sukari ta fi ruwa nauyi sosai. Gwangwanin kusan mililita 300 yake ci, semon da zai ɗauka kuma kusan giram 210 ne. Gwangwanin madarar ruwa na giram 170 yana ɗaukar semo giram 115 zuwa 120. Na tumatir mai giram 400 yana ɗaukar tsakanin 280 da 300, ɗan ƙaraminsa na giram 70 kuma kusan giram 50. Kamfanoni suna rage girman gwangwani lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka gwada naka da ruwa kamar yadda muka bayyana a sama.

Wata Hajiya daga Mirriya ta rubuto: "Za mu aurar da ɗiya, muna sa ran ciyar da mutum 60 da tuwon semo. Tiya nawa zan saya, kuma ruwa nawa za a ɗora?"

Allah ya sanya alheri, Hajiya, ya ba su zaman lafiya. Shawararmu ta farko ita ce kada ki sayi semon taro da tiya, ki saye shi da kilo. Lissafin da kowa ya sani a kasuwar hatsi, cewa buhun kilo 100 tiya 40 ne, wato tiya 1 kilo 2 da rabi, lissafin gero ne. Semo bai kai gero nauyi ba, tiyarsa tana tsayawa wajen kilo 2 da giram 200, kuma tozon mai awo yana iya ƙara ta ko ya rage ta. Ga shi kuma semon da yake zaune a buɗe cikin kwano a kasuwa yana shan ƙura, ba ki san tsawon zamansa ba. A Kasuwar Dole da manyan kantuna za ki samu na leda da na buhu, kilo 1, 2, 5 da 10, nauyinsa a rubuce.

Babban mutum yana cin tuwon semo ɗanye giram 120 ya ƙoshi, in akwai miya da nama isassu. Mutum 60 kenan kilo 7 da giram 200. Taron biki ba ya tsayawa a kan ƙirga, ga kuma kwanukan da za a fitar wa maƙwabta, don haka buhun kilo 10 shi ne daidai ke, zai ɗauki mutum 80. Ruwa lita 3 ga kowane kilo: kilo 7 lita 21, kilo 10 lita 30. Ki riƙe lita 2 ko 3 na ruwan zafi a gefe maimakon a zuba duka tun farko, domin babbar tukunya ba ta ƙone ruwa da yawa in aka kwatanta da abin da ke cikinta, kuma ƙara ruwa ya fi ƙara gari sauƙi. Garin da aka ƙara a ƙarshe shi yake yin gudaji, ya bar ɗanyen ƙamshi.

Kofi ma a guje shi a girkin taro, saboda kilo 7 ya haura kofi 40. In mai awo tana kuskuren giram 20 a kowane kofi, a ƙarshe an kauce da giram 800 ko fiye, abincin mutum 7 kenan. Ki raba tuƙin gida biyu ko uku, kowace tukunya kilo 3 zuwa 4, don abin da ya wuce haka hannu ɗaya ba ya iya juya shi har gindi kafin ya kama.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Damagaram ta ce: "Na musanya kofi 2 na fulawa da kofi 2 na semo a gato, ya fito da nauyi kuma a bushe."

Ƴar'uwa, kofin da ya ɗauki fulawa giram 125 zai ɗauki semo kusan 168. Kin ƙara kashi 1 cikin 3 na gari ba tare da kin ƙara ƙwai, mai ko madara ba. Musanya da nauyi ake yin ta: kofi 1 na fulawa a madadinsa semo kashi 3 cikin 4 na kofi. Kuma in gaton asalinsa na fulawa ne, kada ki musanya fiye da kashi 1 cikin 3, sannan ki yi amfani da mai laushi. Semo ba ya shan ruwa nan take, don haka ki bar kwaɓin ya huta minti 20 zuwa 30 kafin gashi, ki ajiye garin tashi sai za ki zuba a gwangwanin gashi sannan ki sa shi. In ba a bar shi ya huta ba, za a ji tsaki-tsaki a haƙori, kuma garin zai ci gaba da tsotse damshin gaton bayan an sauke.

Wata mai karatu daga Magariya ta tambaya game da awon da take gani a littattafan girki na Faransanci da na Turanci.

Littattafan Faransanci sun fi rubuta ruwa da santilita. Santilita 1 mililita 10 ce, don haka 25 cl mililita 250 kenan. In suka ce kofin gilashi ba su faɗi girmansa ba, yawanci santilita 20 suke nufi, semo giram 140. Robar yawur da suke awon gato da ita mililita 125 ce, tana ɗaukar semo giram 85 zuwa 90. A littattafan Amurka kuma za ki ga oz da lb: na farko giram 28 da ɗan ɗoriya ne, na biyu giram 454. In an rubuta fl oz, wannan awon ruwa ne, kusan mililita 30, semonsa giram 21. Ki lura da cokali: cokulan da muke cin abinci da su a gida da yawa ba su kai mililita 15 ba, sai ki gwada naki da murfin awon maganin yara, wanda aka zana wa 5, 10 da 15.

Wata mai sana'ar alkaki da taliya daga Birni ta aiko da doguwar wasiƙa. Taƙaitaccen abin da take tambaya shi ne ko duk semo nauyinsu ɗaya ne, da kuma dalilin da ya sa awon ruwan da yake yi mata daidai da damina ba ya isar ta da hunturu.

Hajiya, tambayar masu sana'a kenan. Semo na asali daga alkama mai tauri ake yin sa, ana niƙa cikin ƙwayar bayan an fitar da dusa, a tankaɗe shi mataki-mataki. Wanda yake shigo mana daga Aljeriya ta hanyar Agadas za ki ga an rubuta fine, moyenne ko grosse a jikinsa, wato mai laushi, matsakaici da mai tsaki. Irin su Semovita da suke zuwa daga Najeriya sun fi kusa da mai laushi, don tuwo aka yi su. Mutane da yawa suna zaton mai tsaki ya fi rashin nauyi a kofi tunda ƙwayoyinsa manya ne, amma abin akasin haka ne. Manyan ƙwayoyi suna gangarawa su zauna da kyau, shi kuwa mai laushi yana riƙe iska kamar yadda fulawa take yi. A kofi mai mililita 250, mai laushi yana ba da wajen giram 160 zuwa 165, matsakaici 175, mai tsaki 180 zuwa 190. Ga mai tuwon gida wannan bambanci ba wani abu ba ne. Ga wadda take kwaɓa kilo 5 kowace safiya kuwa, shi ne tsakanin riba da faɗuwa, don haka duk lokacin da kika canza iri, ki sake auna kofinki da sabuwar leda.

Shan ruwansu ma ba ɗaya ba ne. Mai laushi yana shanye ruwa da wuri, sai a ga kamar ya fi buƙata. Mai tsaki yana sha a hankali, kwaɓin ya yi kamar ya yi ruwa, bayan rabin awa a tarar ya yi tauri. Shi ya sa a kwaɓin alkaki ake fara murje tsakin da mai har kowace ƙwaya ta samu, sannan a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, a rufe a bar shi ya jiƙa ya yi tsami kafin a yanke hukuncin ƙara ruwa ko gari. Kwaɓin da aka cika wa ruwa yana shan mai a kasko ya warware, wanda ruwa bai ishe shi ba kuma yana tsattsagewa wajen naɗi. Taliya ta fi son ƙa'ida tsayayya: kilo 1 na semo mai laushi, ruwa mililita 450 zuwa 500, gishiri cokalin shayi 2. Ki fara da 450, ki murza minti 10, ki rufe da leda ya huta rabin awa. In ya shiga injin yana yagewa, ki jiƙa hannu ki sake murzawa. In yana manne wa injin, ruwa ya yi yawa, sai a barbaɗa gari.

Batun hunturu kuwa, kin lura daidai. Semo yana fitowa daga kamfani da ɗan damshi a jikinsa, ƙa'idar duniya ta ce kada ya wuce kashi 14 da rabi cikin 100. In buhu ya zauna a buɗe a cikin busasshiyar iskar Damagaram daga Disamba zuwa Maris, wani ɓangare na damshin yana tafiya, garin ya nemi ƙarin ruwa, kwaɓin da aka bari a buɗe kuma ya yi ɓawo da sauri. Ki ƙara ruwa cokali 2 zuwa 3 ga kowane rabin kilo, ki rufe kwaɓi da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle. A watan Agusta sai ki rage kamar haka, ki kuma tankaɗe garin kafin awo don ya kan dunƙule. Ajiya a bokiti mai murfi mai kamawa tana rage wannan hawa da sauka, tana kuma hana ƙwari. Semon da ƙwaro ya ci ya bar zare-zare a ciki awonsa ya riga ya ɓaci, ɗanɗanonsa ma haka.

Wani dattijo daga Matamaye ya ce yana da ciwon sukari, likita ya iyakance masa tuwo, yana son sanin ko giram 100 na semo ɗaya yake da giram 100 na tuwonsa.

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ba ɗaya ba ne, tazarar ma babba ce. Giram 100 na ɗanyen semo yana ɗauke da sitaci wajen giram 70, kuma in aka tuƙa shi da ruwa mililita 300 yana zama tuwo kusan giram 370 zuwa 400. Giram 100 na tuwo kenan bai wuce kwatankwacin ɗanyen semo giram 25 zuwa 27 ba. Kuskus ma haka yake, yana ninka nauyinsa sau 2 da rabi zuwa 3 in ya dahu. Ka koma wurin likitan ka tambaye shi ko ɗanye yake nufi ko dafaffe. In ɗanye ne, a gida a riƙa auna naka daban da ƙaramin gwangwani a tuƙa shi a ƙaramar tukunya, domin girman malmala ya danganta da hannun mai kwasa.

Tambaya ta ƙarshe daga wata mai gasa gato na sayarwa ce a unguwar Karkada: "Ina son sayen sikeli. Wane iri ya dace, kuma yaya zan gane yana faɗin gaskiya?"

Malama, kin yi tunani mai kyau, duk mai girkin sayarwa ya kamata ta mallake shi. Ki nemi ɗan ƙarami mai batir wanda yake auna har kilo 5 kuma yana nuna giram ɗai-ɗai. Mai allura yana da ƙarko, amma ƙasa da giram 50 ba ya nunawa da kyau, ga allurarsa tana gocewa in ya tsufa. Tun a shago ki gwada shi: ki ɗora roba, ki danna maɓallin da yake mayar da lamba sifili, ki zuba ruwa rabin lita da kika auna da mazubi mai zane. Ya kamata ya nuna giram 500, ko ya kauce da 5 kacal. Ki ɗauke robar ki mayar sau 3, ki ga ko lamba ɗaya yake bayarwa, sannan ki gwada ajiye ta a tsakiya da kuma gefe. A gida ki ɗora shi a kan tebur ko daɓe mai santsi, ba a kan tabarma ko tire ba, nesa da iskar fanka. Ki tabbata yana kan g, wato giram, don maɓallin yana iya komawa oz ba ki sani ba. In lamba ta fara rawa ko tana hawa da kanta, batir ne ya yi sanyi. Kada ki bar shi kusa da murhu ko cikin rana, kuma kada a ɗora masa kaya a kai wajen ajiya.

Da zarar ya shigo hannunki, ki auna duk kofuna da gwangwanayen da kike aiki da su, kowanne da semo, da fulawa, da sukari, ki rubuta a littafinki. Kofi mai mililita 240 zai ba ki semo wajen giram 168, fulawa 125, sukari 200. Ranar da batir ya mutu kina tsakiyar kwaɓi, da wannan rubutun za ki ƙarasa aikinki.